Hannun Hansatu, Harshen Mbairo

Kakan Hansatu ya bar ƙasar Kano da ƙafa da niyyar zuwa Makka. Ya iso bakin kogin Shari a zamanin da ake kiran garin nan na Injamena Forlami, ya ce bari ya ɗan huta ya nemi guzuri. Ya huta shekara arba'in da ɗaya. A nan aka binne shi, kuma har yau in ka tambayi zuriyarsa da ke unguwar Bololo, za su ce maka su matafiya ne.

A wannan gidan aka haifi Hansatu. Ta yi aure a unguwar Ambasatna, ta haifi 'ya ɗaya, Fa'iza, mijin ya rasu, ta kafa murhu a ƙofar gida tana sayar da kifi da romo. Ta yi shekara goma sha biyu a wannan ƙofar. Abin da aka san ta da shi shi ne ba ta da ma'auni: ba cokali, ba murfin gwangwani. Da hannu take zuba gishiri, sannan ta ɗiga romo a tafin hannunta ta lasa, sau uku kafin ta sauke tukunya. Matan layin sukan zo su tsaya kamar masu jiran canji, alhali hannunta suke kallo. Ba wadda ta koyi komai.

Alhaji Rufa'i kuwa sabon zuwa ne. Ya shigo Injamena daga Kano a shekarar 1993 da kayan roba da atamfa, ya buɗe shago, ya zauna yana kallon gari. Abin da ya gani shi ne garin cike yake da Nasara, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ofisoshin jakadanci, waɗanda ba su da wurin zuwa ranar Lahadi. Ya kuma gano cewa za su biya kuɗi a kai su kusa da dorina, dabbar da masuntan garin ke roƙon Allah ya raba su da ita. Sai ya sayi wani tsohon jirgin ruwa mai inji daga wata ƙungiya da ta gama binciken kifi ta koma ƙasarsu. Ya yi masa rumfar zana, ya kafa tebur da benci biyu, ya ajiye murhun gawayi a ƙarshen jirgin, ya sa aka rubuta masa suna Alheri. Da ya tambayi wa ya iya kifi a garin, mutum uku suka nuna masa ƙofa ɗaya.

Hansatu ta bar wa wata maƙwabciya wurin sana'arta ta hau ruwa a watan Nuwamba na 1996, tana da shekara arba'in da shida.

Jirgin yana aiki ne Asabar da Lahadi, a lokacin sanyi kaɗai, lokacin da ruwan kogi ya kwanta kuma ya yi sanyin da in ka tsoma hannu sai ka ji shi har gwiwar hannu. Ma'aikatan jirgin sukan sa riga biyu biyu. Baƙin sukan zo da gajeren wando suna cewa yanayi ya yi daɗi. Ana tashi da ƙarfe goma, a hau sama wajen gadar Shagwa a nemi dorina, a juyo a gangara zuwa inda kogin Logon ke haɗuwa da Shari, a tsaya kusa da wani tsibirin yashi a ci abinci, a dawo da ƙarfe uku. Abincin bai cika canzawa ba: giwan ruwa da aka saya a hannun masunta da sassafe, rabi a romo rabi a gashe, da shinkafa, da tumatir na lambun bakin kogi, da zoɓo da shayi. Hansatu tana da doka guda. Iskar kogi tana sanyaya abinci kafin a ce kwabo, saboda haka ba a zuba wa kowa sai ya zauna, kuma tsakanin tukunya da tebur bai wuce taku huɗu ba. Wani Bafaranshe ya taɓa tashi ɗaukar hoto bayan an zuba masa. Da ya dawo ya tarar an ɗauke farantinsa an mayar cikin tukunya, sai da ya zauna ya nutsu aka sake zuba masa. Ya rubuta a littafi cewa tun rasuwar mahaifiyarsa ba a yi masa haka ba.

Littafin nan na baƙi ne, Alhaji ya ajiye shi a kan tebur kowa ya rubuta ra'ayinsa. Da yake ba ya jin Faransanci, ni yake kawo wa ranar Litinin in karanta masa, don shagonsa yana jikin gidanmu. Wata biyu littafin ba shi da labari sai yabon kifi da ƙorafin cewa dorina ba ta fito ba.

Mai tuƙa jirgin sunansa Mbairo, mutumin kudu ne, Kirista, yana zaune a unguwar Mursal. Ya haura hamsin, ya san kogin kamar tafin hannunsa, ya san inda yashi ke ƙaura kowace shekara da inda uwar dorina ke ajiye ɗanta. Ba ya yawan magana, galibi saboda kullum leɓensa na ƙasa cike yake da garin taba da kanwa. Da Larabcin gari suke magana da Hansatu. Shi yana kiranta Am Fa'iza, wato uwar Fa'iza, ita kuma tana kiransa Sarkin Ruwa.

Sai azumi ya kama a watan Janairu na 1997, tsakiyar lokacin baƙi.

Nasara ba su daina cin abincin rana ba. Hansatu kuma ba za ta kai romo bakinta ba. Alhaji, wanda shi ma yake azumi, ya ce ba zai yiwu a ajiye wa Turawa abincin da ba a ɗanɗana ba, a samu wanda zai ɗanɗana. A jirgin mutum ɗaya ne bakinsa ke buɗe da rana. Hansatu da kanta ta miƙa masa ludayi.

"Sarkin Ruwa, ara mini harshenka."

Mbairo ya tofar da tabarsa a kogi, ya goge baki, ya kurɓa, ya kalli sama kamar mai jiran wahayi.

"Zidi shiya," in ji shi. Ƙara kaɗan.

Ta ƙara. Ya sake kurɓa.

"Zidi shiya."

Ta ƙara. A karo na uku ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya yi daidai. Haka aka yi ranar, haka aka yi kashegari, haka aka yi mako na biyu da na uku. Mbairo ya ɗauki muƙamin da muhimmanci. Ya fara zuwa da cokalinsa a aljihu. A Mursal an san cewa yanzu ba tuƙi kawai yake yi ba, shi ne ke duba abincin Turawa kafin ya hau tebur. Ragowar abincin ma shi yake tafiya da ita gida, kuma an lura ragowar ta ƙaru sosai a wannan watan, abin da ya ɗauka albarkar azumin abokan aikinsa ce.

Littafi ya canza murya. A makon farko wani ya rubuta cewa kifin yana da ƙarfin hali. A mako na biyu wani ya rubuta cewa bai san Shari teku ba ne. Waɗannan na karanta wa Alhaji su da ɗan sassauci. A mako na uku wata likita ta cika rabin shafi a kan hawan jini, har da lambobi, kuma ban sami inda zan sassauta ba. A ƙarƙashinta akwai layi biyu daga wata mata da muke kira Madam kawai, wadda ita ke shirya wa ma'aikatan wata babbar ƙungiya yawon hutu, kuma rabin baƙin jirgin ta hannunta suke zuwa. Ta ce Lahadi mai zuwa za ta kawo mutum goma sha huɗu. In abincin bai gyaru ba, daga nan gaba a ba su burodi da kifin gwangwani, ya ishe su.

Alhaji ya tafi Ambasatna ranar Talata da la'asar. Ya tarar da Hansatu tana dakan yaji.

"Yaya Hansatu, ina so mu yi magana ta fahimta."

"Alhaji, maganar da ta fara da haka ba ta ƙarewa da alheri. Zauna."

Ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗi kalmar.

"Gishiri?" Ta ajiye taɓarya. "A girkina?"

"Ba ni na faɗa ba, Yaya. Littafi ne."

"Littafin ya ci kifin?"

"Waɗanda suka ci su suka rubuta. Ni shawarata, ki ɗanɗana da kanki. Malamai sun ce in bai wuce maƙogwaro ba, aka tofar, azumi yana nan."

"Na san abin da malamai suka ce. Murhuna a ɗaki yake ko a fili? Masunta nawa ke wucewa ta gefenmu a kwalekwale? Su ga Hansatu da ludayi a baki, rana tsaka, cikin Nasara. Su malaman za su bi su gida gida su ce musu ta tofar?"

Alhaji ya bar zancen ɗanɗano. Sai ya faɗi sauran: Lahadi ce ta ƙarshe. In Madam ta sake ƙorafi, za a sauke murhun daga jirgi.

"A ba su me?"

"Burodi da kifin gwangwani."

"Kifin gwangwani. A kan Shari. Giwan ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu yana jin su."

"Yaya, ni ɗan kasuwa ne."

"Ai ban ce kai masunci ba ne. Sai Lahadi."

Abin da ke gabanta ya fi aikin jirgi. Wurin sana'arta ta riga ta bayar, kuma ba a karɓe kyauta. Sannan mai girki tana iya rasa aiki saboda faɗa, ko saboda ciwo, ta koma unguwa da mutuncinta. Wadda aka sallama saboda gishiri kuwa, matan da suka yi shekara goma sha biyu suna kallon hannunta za su zo mata jaje su kwana biyu suna zuwa.

Duk da haka ba ta yarda ba. Ta fi zaton harshen Nasara ne ya lalace da sanyi. Amma ranar Asabar, bayan Mbairo ya ce ya yi daidai, ta ɗebi romo a ƙaramin kwano ta rufe ta sa a kwandonta. Da aka kira magariba ta ci dabino, ta sha ruwa, ta jawo kwanon. Fa'iza, wadda ta zo shan ruwa gida, ita ta riga sa cokali. Ta haɗiye da ƙyar, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, wannan kifin daga cikin buhun gishiri aka kamo shi?"

Hansatu ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta sake lasa, wataƙila da fatan na farkon kuskure ne.

"Wa ke ɗanɗana miki a jirgin?"

"Mbairo."

"Wane Mbairo? Mai taba a leɓe?"

Kowa a jirgin ya san da tabar nan. Kowa ya ga yadda yake tofar da ita kafin ya karɓi ludayi, an ma yaba masa da tsafta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da shekara talatin na taba da kanwa suka bari a harshen mutum.

Fa'iza ta tura kwanon gefe ta jawo tuwo da miyar kuɓewa da uwar ta yi da yamma. Ta ci loma biyu, ta tsaya.

"To wannan miyar fa, wa ya ɗanɗana miki?"

"Wa zai ɗanɗana? Kowa na azumi."

"Kuma ta yi daidai."

"Ai ta gida ce."

"Gishirin gida da na jirgi ba kasuwa ɗaya kike sayo su ba?"

Hansatu ta ce mata ta ci abinci ta bar surutu. Azumi talatin da wani abu ta yi tana girkin shan ruwa ba tare da harshe ba, kamar kowace mace a unguwar, kuma ba a taɓa ture mata kwano ba. Bai taɓa faɗo mata a rai cewa wannan ma gwaninta ce ba. Da aka ce abincin Turawa ne, sai ta ɗauka hannun da ya ciyar da Ambasatna yana bukatar shaida.

Saura matsalar Mbairo. In ta gaya wa Alhaji, Alhaji zai faɗa masa a gaban mutane, domin shi mutum ne da in ya gano gaskiya ba ya iya riƙe ta shi kaɗai. Mbairo kuma bai roƙi ludayi ba, ita ta miƙa masa. Ban da haka, ba hikima ba ce a kunyata mutumin da ke riƙe da jirgi a tsakiyar dorina.

Lahadi ta zo da iska mai sanyi. Madam ta iso da mutanenta goma sha huɗu, kuma an lura biyu daga cikinsu sun riƙo jakar burodi, ko da za a yi. Alhaji, wanda bai cika hawa jirgin ba, ya hau. Ya ja Mbairo gefe ya ce masa yau ya kula sosai, hannun Yaya ya fara nauyi, duk dogaro a kansa yake. Mbairo ya dafa ƙirji. An ga dorina uku a wajen gada, abin da ya sa baƙin cikin fara'a, amma Alhaji bai kalli ruwa ko sau ɗaya ba. Yana tsaye kusa da murhu.

Hansatu ta kalli tukunya, ta kalli yawan kifin, ta sa hannu a kwanon gishiri sau biyu da rabi, ta juya, ta rufe. Da romo ya nuna ta miƙa ludayi.

"Sarkin Ruwa."

Ya tofar, ya goge baki, ya fito da cokalinsa, ya kurɓa, ya kalli sama.

"Zidi shiya."

Ta tsoma hannu a kwanon gishiri har ya yi ƙara, ta fito da shi a dunƙule, ta kai kan tukunya cikin tururi, ta buɗe, ta karkaɗe yatsu. Babu ko ƙwaya a ciki. Ta juya romo da kyau.

Ya sake kurɓa. "Zidi shiya."

"Kai, Mbairo, a hankali," in ji Alhaji.

"Alhaji, kowa da aikinsa. Ni na taɓa koya maka sayar da bokiti?"

Ta sake dunƙule iska ta zuba. Ya kurɓa na uku, ya daɗe yana juya shi a baki, ya gyaɗa kai.

"Yanzu ya yi. Am Fa'iza, da ba na nan da kin ba su lami."

"Allah ya bar mana kai," in ji ta.

Aka tsaya a tsibirin yashi. Ta sa kowa ya zauna, aka zuba daga tukunya, taku huɗu. Madam ta ɗebi romo kaɗan a bakin cokali kamar mai gwada magani. Ta ɗebi na biyu cikakke. Ba wanda ya buɗe jakar burodi. Daga can ƙarshen benci wani dogo, wanda makonsa ɗaya da sauka a ƙasar, ya ɗaga hannu ya nemi gishiri. Hansatu ta aika masa a murfin kwano, ta tsaya tana kallo. Ya barbaɗa a kan kifin gaba ɗaya, sannan ya ɗauki cokali ya kai bakinsa karo na farko.

"Alhaji, ka ga wancan? Ya zuba kafin ya ɗanɗana."

"Haka suke yi a ƙasarsu."

"Kuma shi ma zai rubuta a littafi?"

"Zai rubuta."

Ta koma kan murhunta ta ɗora ruwan shayi.

Ranar Litinin na karanta wa Alhaji shafin ba tare da na sassauta komai ba. Madam ta ce kifin ya koma yadda ta san shi, kuma ta ji daɗin ganin an ɗauki shawararta. Dogon nan ya ce abincin ya yi kyau, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa. Alhaji ya ce ai ma'aikaci sai da jan kunne. Mbairo ya ba da labari a Mursal yadda ya ceci jirgin a ranar da mai jirgin kansa ya so ya hana shi aikinsa. Murhu ya zauna a inda yake.

Azumi ya ci gaba da faɗowa cikin lokacin sanyi har shekara shida ko bakwai, kowace shekara yana ja da baya da kwana goma, kuma kowace shekara Mbairo ya zo da cokalinsa. Bayan salla Hansatu takan koma lasar tafin hannunta, amma ta lura yana tsayawa a gefe yana kallon ruwa kamar wanda aka sauke daga sarauta, sai ta ci gaba da miƙa masa ludayi duk shekara. Da aka fara aikin man fetur a kudu, wasu irin Turawa suka cika gari, masu neman kifin da aka cire wa ƙaya da ruwa mai ƙanƙara a cikin sanyi. Ta cire musu ƙaya. Dokar zama kafin a zuba ba ta cire ba.

A watan Fabrairu na 2008 faɗa ya shigo cikin gari. Alheri ya yi kwana uku yana tsallakar da mutane zuwa garin Kuseri da ke ƙetaren kogi, ba tebur ba murhu. Bayan ƙura ta lafa baƙi ba su dawo kogi da wuri ba, Alhaji ya sayar da jirgin ga masu ɗiban yashi ya koma kan kayan robarsa. Hansatu ta zauna a gida tana girkin biki da suna. Labarin hannun nan da ba gishiri a ciki Fa'iza ce ta ba ni shi, bayan jirgin ya tafi, da sharaɗin kada ya kai Mursal.

Shekarar da ta biyo baya aka yi sunan ɗan Fa'iza na huɗu. Mbairo ya zo tun daga Mursal a kan babur ɗin haya, ya tsufa, ya gaisa da maza a waje, sannan ya nemi izini ya shiga har inda tukwane suke. Mata suka ja mayafi suna kallon wannan baƙon da ya fito da cokali daga aljihu. Ba azumi ake ba, kuma Hansatu ta riga ta lasa sau uku. Ta miƙa masa ludayi.

"Zidi shiya, Am Fa'iza."

Matan layin suka matso, domin yau ga hannun a kusa, ga rana tsaka. Ta tsoma shi a kwanon gishiri, ta fito da shi a dunƙule, ta buɗe a cikin tururi. Wata ta rantse daga baya cewa ta ga adadin, rabin tafi ne ba ƙari.